Bazara a New York: Abin da Ke Gaban Iyalin da Ke Son Kai Yara Wasan Ruwa

A ƙarshen watan Yuni na kowace shekara makarantun gwamnati na birnin New York kan rufe domin dogon hutu na kusan mako 10, kuma hutun yana faɗowa daidai lokacin da zafi ya fi tsananta, inda ma'auni kan haura digiri 32 na kwanaki a jere, ga laima mai danƙo da iskar teku ke kawowa, wadda ta sa zafin ya sha bamban da busasshen zafin Kano ko Maraɗi na watan Afrilu.

A unguwannin Bronx da Harlem, inda Hausawa 'yan asalin Najeriya da Nijar da zangunan Gana suka fi taruwa, yawancin iyalai suna zaune ne a benayen haya, babu tsakar gida, babu zaure, babu inuwar da yaro zai fake a ƙofar gida. Hukumar lafiya ta birnin ta ƙiyasta cewa zafi yana da hannu a mutuwar ɗaruruwan mutane duk shekara, kuma ta sanya waɗannan unguwanni cikin waɗanda suka fi fuskantar hatsari, saboda ƙarancin bishiyoyi da yawan kwalta da kankare, da kuma rashin na'urar sanyaya ɗaki a gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

A irin wannan hali ne yara, waɗanda suka ji labari a bakin abokan karatu kuma suka ga tallace-tallace a waya, suke matsa wa iyaye a kai su wurin wasan ruwa. Abin da ake nufi da shi fili ne mai faɗi da kamfani ya kewaye, ya gina tafkuna iri-iri, da dogayen bututai da magangarai da ake hawa ta matakala a zamo a faɗa cikin ruwa, da ƙoramar wucin gadi mai zagaye wadda ake kishingiɗa a kan roba mai iska ta tafi da mutum a hankali, da kuma tafki mai injin da ke tayar da igiyar ruwa irin ta teku.

Inda wuraren suke

Abu na farko da mai shirin wannan fita zai gano shi ne cewa duk girman New York babu babban wurin wasan ruwa na sarari a cikin gundumominta 5, domin ƙasa ta yi tsada, kuma harkar ba ta wuce ta wata 3 a shekara. Dole ne a bar birnin.

Ta gabas, a garin Calverton da ke tsibirin Long Island, akwai Splish Splash, wanda aka buɗe a 1991 a cikin kurmi mai faɗin eka kusan 100, tafiyar kilomita 110 ko makamancin haka daga Manhattan. Ta kudu, a Jackson da ke jihar New Jersey, akwai Hurricane Harbor na kamfanin Six Flags, wanda ya fara aiki a 2000, shi ma nisansa kusan daidai yake da na farkon. Mountain Creek yana kan tsaunukan Vernon a arewacin New Jersey, SplashDown Beach kuma yana Fishkill a kwarin kogin Hudson, kuma mazauna Bronx sun fi samun sauƙin zuwa can tunda ba sai sun ratsa tsakiyar birni ba. Wanda ya fi kusa duka shi ne DreamWorks Water Park da ke cikin katafariyar kasuwar American Dream a East Rutherford, sai dai shi a rufe yake da rufi, ana shigarsa rani da damina.

Nisan yana da nauyi, domin fiye da rabin gidajen New York ba su da mota. Jirgin ƙasa na Long Island yana kaiwa Riverhead, kusa da Calverton, amma jiragen wannan reshe ba su da yawa a rana, kuma wanda ya sauka sai ya sake neman abin hawa. Shi ya sa iyalai kan haɗu gida biyu ko uku su yi hayar bas ƙarama, ko su jira ranar da mai gida, idan direban tasi ne, zai ajiye aiki.

Lissafin aljihu

Kuɗin tikiti yana sauyawa daga rana zuwa rana, amma a manyan wuraren wanda ya saya a bakin ƙofa zai biya abin da ya kai dala 50 zuwa 70 a kan mutum guda, alhali wanda ya saya ta intanet kwanaki kafin ranar yakan samu ragi mai kauri. Jarirai ba sa biya, wasu wuraren kuma suna rage wa yaran da tsayinsu bai kai wani ma'auni ba.

Tikitin ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Akwai kuɗin ajiye mota, da na akwatin ajiyar kaya, da kuɗin gada ko na babbar hanya, da mai, sannan abinci, wanda farashinsa a ciki ya ninka na waje, ga shi galibin wuraren sun hana shiga da abinci in ban da na jarirai da na masu lalurar rashin lafiya. Idan aka haɗa, iyali mai mutum 6 zai iya kashe dala 400 zuwa 500 a yini guda, kuma da yawa daga cikin wuraren sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati.

Akwai kuma asarar da ba a rubutawa a rasit. Direban tasi ko mai aikin kula da tsofaffi a gidaje, waɗanda su ne sana'o'in da baƙi 'yan Afirka ta Yamma da dama ke yi, idan ya bar aiki ranar Asabar ya bar kuɗin ranar ke nan, kuma mutum ne da ake jiran saƙonsa a gida duk wata. Saboda haka iyayen da ke ganin fitar almubazzaranci ce ba su rasa hujja ba. Waɗanda ke ganin akasin haka kuwa suna cewa yaron da ya tashi a Amurka yana auna kansa da tsaransa, kuma wanda iyayensa ba su kai shi ruwa ba wata rana abokai ne za su kai shi, ba tare da sanin kowa ba. Wannan magana ta biyu ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta.

Tsoron ruwa da aka taho da shi

A ƙasar Hausa iyo ba abu ne da iyaye ke koya wa 'ya'yansu ba, in ban da gidajen masunta da mazauna bakin manyan koguna irin su Argungu da Yawuri, inda ake da sarkin ruwa kuma yaro ke tashi da kwalekwale. A birane kamar Kano abin da aka sani shi ne kududdufi, ramin da aka haƙa domin ƙasar gini ya cika da ruwan damina, kuma duk shekara jami'an kashe gobara na tsamo gawarwakin yara daga irin waɗannan ramuka. Ga tsargiya da ake ɗauka a ruwa maras gudu, ga kuma labaran 'yan ruwa da ake tsorata yara da su. Yaron da ya dawo gida da jajayen idanu da fata ta yi furu-furu ya san bulala na jiransa.

Hanin yana da dalili a can, tunda babu mai tsaro a bakin kududdufi kuma babu wurin koyo. Amma New York birni ne da ruwa ya kewaye, bakin gaɓarsa ya kai mil 520, kuma da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa kaɗai matashi zai isa tekun Coney Island ko Rockaway. A nan hani ba ya nisanta yaro da ruwa. Abin da yake yi shi ne ya sa yaron ya isa ruwan bai iya komai ba.

Alƙaluman Amurka sun nuna girman lamarin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce mutum sama da 4,000 ke nutsewa su mutu duk shekara, kuma nutsewa ita ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Baƙaƙen yara 'yan shekara 10 zuwa 14 suna mutuwa a tafkunan iyo fiye da ninki 7 na tsaransu farare. Wani bincike da gidauniyar USA Swimming ta fitar a 2017 ya gano cewa kusan kashi 64 cikin 100 na baƙaƙen yara ba su iya iyo ba, ko kuma iyawarsu kaɗan ce.

Masana tarihi, irin su Jeff Wiltse a littafinsa Contested Waters na 2007, sun danganta wannan gibi da zamanin wariyar launin fata, lokacin da aka riƙa hana baƙaƙe shiga tafkunan gwamnati, har rashin iyo ya zama abin da ake gada daga iyaye. Tarihin Bahaushen da ya zo daga Zinder ko Kumasi daban ne, amma sakamakon ɗaya ne: uwa ba ta iya ba, uba bai iya ba, yaro ma haka.

A watan Yulin 2024 wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa 'yan shekara 18 da 17, mazauna Bronx, sun nutse a tekun Coney Island da dare, bayan masu ceto sun tashi daga aiki. A bakin tekunan birnin masu ceto suna aiki ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma, kuma doka ta hana shiga ruwa bayan nan, alhali a tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai wajen 8 da rabi, zafi kuma bai sauka ba.

Hatsarin da ba ya yin ƙara

Wuraren wasan ruwa na yau sun fi na da tsari nesa ba kusa ba, kuma tarihin Mountain Creek ya isa shaida. A wannan fili ne Action Park ya yi aiki daga 1978 zuwa 1996, inda aƙalla mutum 6 suka rasa rayukansu, 3 daga cikinsu a tafkin igiyar ruwa, kafin ƙararraki da matsalar kuɗi su kai ga rufe shi, a sake buɗe wurin a 1998 da sabon suna da sababbin masu shi. Yanzu jihohi suna duba kayan wasan, kamfanonin inshora suna sa ido, kuma kowane tafki yana da masu ceto, wato ma'aikatan da aka horar su zauna a kan dogayen kujeru suna lura da masu wanka.

Duk da haka mai ceto guda yana kallon mutane da yawa a lokaci ɗaya, cikin hasken rana da hayaniya, kuma yaron da ke nutsewa ba ya ihu ko ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a fim, domin duk numfashin da ya samu bai isa ya yi magana ba. Yakan tsaya a miƙe cikin ruwa, kansa a karkace baya, cikin ƙasa da minti guda ya ɓace. Tafkin igiyar ruwa ya fi kowane sashe yaudara, tunda ana shigarsa daga inda ruwa bai wuce idon sawu ba, amma da an kunna injin sai igiyar ta ja yaro zuwa zurfi, robobin manya kuma su rufe shi.

Likitocin yara na Amurka suna ba da shawarar cewa duk yaron da bai kai shekara 5 ba, ko wanda bai iya iyo ba, ya kasance inda hannun babba zai kai gare shi. A nan ne wata ɗabi'a tamu mai kyau take iya zama illa. Bahaushe ya saba da cewa ɗa na kowa ne, kuma a taron suna ko biki uwa kan saki yaronta ta san akwai idanu a kansa. A bakin ruwa kuwa, idan kowa ya ɗauka wani yana kallo, to babu mai kallo. Abin da ya dace shi ne a ambaci mutum guda da suna, a ce yara kaza suna hannunsa na minti 15 ko 20, ya ajiye waya ya bar hira, sannan wani ya karɓe shi. Ɗora wannan nauyi a kan yayar yaran 'yar shekara 12, kamar yadda ake yi a gida, bai dace ba, domin ita ma wasa ta zo yi.

Rigar ceto da ake yarda da ita ita ce mai ɗauke da tambarin amincewar rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, kuma wurare da yawa suna bayar da aronta kyauta. Robobin da ake hurawa a ɗaura wa yaro a damtse kayan wasa ne, suna iya sacewa ko su zame. Yawancin magangarai kuma suna da ƙa'idar tsayi, galibi inci 42 ko 48, wato kimanin santimita 107 ko 122, don haka auna yara a gida yana rage kuka a gindin matakala. Haka nan yana da kyau a nuna wa kowane yaro wurin haɗuwa idan an rabu, a kuma rubuta lambar wayar iyaye a abin da zai ɗaura a hannu.

Sutura da abinci da salla

Ga iyalin Musulmi tambayar sutura tana zuwa kafin ta kuɗi. Wuraren suna hana shiga ruwa da kayan gida, musamman masu ƙarfe ko masu jan ruwa, kuma doguwar riga ko zani a cikin tafki hatsari ne na gaske, tunda yadin yana nauyi ya naɗe ƙafafu. Mafitar da ta yaɗu ita ce burkini, kayan iyo masu rufe jiki duka in ban da fuska da tafin hannu da sawu, waɗanda Aheda Zanetti, 'yar Ostareliya mai asali da Labanon, ta ƙirƙiro a 2004. A Faransa wasu garuruwan bakin teku sun yi yunƙurin haramta su a 2016, amma a New York da New Jersey dokokin hana wariya suna kare suturar addini. Duk da haka wasu magangarai masu gudu suna da ƙa'idar kaya ta musamman, don haka gara a tambaya kafin a sayi tikiti.

Suturar mutum ba ta warware batun abin da idonsa zai gani ba, kuma a nan ra'ayi ya rabu. Akwai iyaye da malaman da ke ganin cakuɗuwar maza da mata cikin kayan wanka ta isa dalilin ƙaurace wa wurin baki ɗaya, musamman ga waɗanda suka balaga. Akwai kuma masu ganin cewa ana iya zuwa da ƙananan yara a ranar aiki da safe, a tsaya a sashensu. Abin lura shi ne cewa ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan koyon iyo ba, malamai ma sukan ambaci wasiyyar da ake jingina wa Sayyidina Umar ta a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki.

Ware wa mata lokaci abu ne da aka taɓa gwabzawa a kansa a birnin. A 2016 an yi ce-ce-ku-ce a kan sa'o'in mata zalla a tafkin gwamnati na Metropolitan da ke Williamsburg, wanda matan Yahudawa masu riƙon addini suka fi amfana da shi, daga ƙarshe hukumomi suka bar tsarin amma suka rage sa'o'in. Ƙungiyar Musulmi ta ICNA kuma ta sha ɗaukar hayar filin wasan Six Flags Great Adventure domin ranar iyalan Musulmi, abin da ke nuna cewa kamfanoni suna sauraron jama'ar da ta zo a dunƙule.

Abincin da ake sayarwa a ciki ba kasafai yake zama na halal ba, shi ya sa iyalai da yawa ke barin kulolin dafa-duka ko waina a mota, su fito da tsakar rana su ci, bayan sun tabbatar an buga musu shaidar komawa. A nan ne kuma ake shimfiɗa darduma a yi Azahar, tunda lokacinta a bazara yana da faɗi.

Rana da ruwan da ake haɗiya

Baƙar fata tana jure rana fiye da fara, amma tana ƙonewa, musamman bayan sa'o'i a cikin ruwa, don haka man kariya mai lamba 30 ko sama da haka, wanda ake sake shafawa duk bayan awa 2, ya shafi kowa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa inuwa ce tasa. Yaron da ke cikin ruwa ba ya jin ƙishi, sai an tuna masa ya sha.

Sinadarin kulorin da ake zubawa yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma akwai wata mai haddasa gudawa, kiriftosforidiyam, wadda ke rayuwa fiye da mako guda a cikinsa, kuma kunzugun wanka na jarirai ba ya tare ta. Wannan ne ya sa ake roƙon kada a kawo yaron da ke gudawa. Haka kuma da an ji tsawa ake fitar da kowa daga ruwa, kuma hadarin yamma ya zama ruwan dare a Yuli da Agusta, dalili ke nan na isa tun ana buɗe ƙofa.

Tafkunan da ke bayan gida

Abin da iyalai da yawa ba su ba muhimmanci ba shi ne cewa birnin yana da tafkunan iyo na sarari sama da 50, duk kyauta, ana buɗe su daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba, daga ƙarfe 11 na safe zuwa 7 na yamma, da hutun shara tsakanin 3 da 4. Manya 11 daga cikinsu an buɗe su ne a bazarar 1936, zamanin magajin gari Fiorello La Guardia da kwamishinan wuraren shaƙatawa Robert Moses, da kuɗin shirin samar da ayyuka na gwamnatin tarayya. Cikinsu akwai Crotona a Bronx, da wanda yanzu ake kira Jackie Robinson a Harlem, da Astoria a Queens mai tsawon mita 100. A 2025 an buɗe sabon tafki na Gottesman a arewacin Central Park, a bakin Harlem.

Ƙa'idojinsu suna da tsauri: sai an zo da kwaɗo mai ƙarfi na kulle akwatin kaya, sai an nuna kayan iyo na ainihi, riga ta sama sai fara, kuma ba a shiga da abinci ko waya bakin ruwa. Ga ƙananan yara akwai ɗaruruwan famfunan feshi a filayen wasa, waɗanda ake kunnawa idan zafi ya kai digiri 27. Ko famfon kashe gobara na bakin titi, wanda buɗe shi ba bisa ƙa'ida ba ke zubar da galan 1,000 a minti guda, babba zai iya zuwa ofishin 'yan kwana-kwana ya roƙi a sa masa murfin feshi da ke rage zubar zuwa galan 25.

Tsarin ba ya rasa naƙasu. Birnin yana buƙatar masu ceto kusan 1,400, amma a 2022 da 2023 adadin bai kai 1,000 ba, abin da ya sa aka riƙa rufe sassan tafkuna ana dogon layi a rana, aka kuma taƙaita darussan iyo. A 2024 an ɗaga albashinsu zuwa dala 22 a awa, kuma Gwamna Kathy Hochul ta sanar da shirin dala miliyan 150 na gina tafkuna a faɗin jihar. Wannan aiki ne da matasan al'ummar Hausawa 'yan shekara 16 zuwa sama za su iya nema, da a ce sun iya iyo.

Hukumar wuraren shaƙatawa tana koyar da iyo kyauta ga yara da manya, ana samun gurbi ta hanyar ƙuri'a a shafinta na intanet, kuma darussan suna ci gaba a tafkunan cikin gini har a lokacin sanyi. Cibiyoyin YMCA ma suna koyarwa, da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Masallatai da ƙungiyoyin 'yan gida na Bronx da Harlem, waɗanda suka ƙware wajen haɗa kuɗin jana'iza da na bikin salla, suna da ikon ɗaukar hayar tafki na 'yan sa'o'i a mako domin mata da 'yan mata, da mace mai koyarwa. Iyalin da ke da niyyar zuwa Calverton ko Jackson a bazara mai zuwa kuwa ya kamata ya sanya sunayen yaransa, da na uwarsu, a ƙuri'ar darussan tun cikin hunturu, kafin ya sayi tikiti.